Kunnen Saniyar Aro

Tun da na dawo daga Kebbi ban huta da tambaya ba. A wurin aiki tambaya, a gidan suna tambaya, har maƙwabciyata Maman Nafisa, wadda ba ta taɓa damuwa da aikina ba, ta leƙo ta katanga tana so ta ji wai da gaske ne kunnuwan shanu na je tarowa. Wasu kuma sun ga 'yar kwalbar da ke kan teburina, cike da sifirit amma babu komai a ciki, suna cewa ko mantuwa na yi. Ba mantuwa ba ce. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habiba, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar binciken dabbobi a nan Zariya. Wanda ya ɗauke ni tafiyar shi ne Dakta Lawal, mutum mai kirki amma mai gajen haƙuri, wanda in aiki bai ƙare ba ko ruwa ba ya sha. Abin da ya dame shi shekara da shekaru shi ne sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Wasu shanun suna jure mata, wasu kuwa tana kayar da su, kuma shi ya ce sirrin yana cikin gadon da kowace dabba ta ɗauko daga iyayenta, wanda ake iya karantawa a cikin namanta. Aikinsa ke nan. Nawa kuwa shi ne in tabbatar naman ya iso Zariya bai ruɓe ba.

Aikin a baki ba shi da wuya. A kama dabba, a aske gashin gefen kunne, a sa wani ɗan awartaki a ciro nama kamar girman farcen ƙaramin yatsa, a jefa shi cikin kwalba mai sifirit, a rufe gam. Sifirit ɗin ne ke zuƙe ruwan da ke cikin naman, ruɓa ta rasa wurin shiga. Kashegari sai an zubar da na jiya an zuba sabo, don ruwan naman ya riga ya sirka shi, a kuma yayyanka naman sirara-sirara yadda sifirit zai ratsa ko'ina. Lamba da fensir ake rubuta ta, domin biro ko ɗigo ɗaya ya taɓa shi ya tafi. Bayan kowace dabba a ƙona bakin awartakin, kada naman wannan ya haɗu da na waccan. Ban da kunne muna ɗibar jini ma, shi kuwa jini babu ruwansa da sifirit, ƙanƙara yake so.

Mun tashi da Landiroba mu uku, ni da Dakta da direbanmu Malam Isa, mutumin Soba, wanda ya rantse ya san hanyar kamar tafin hannunsa, amma tun daga Gusau yake tsayawa tambaya. Mun kwana a Sakkwato, da safe muka kama hanyar Tambuwal. Jihar Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba, allon maraba ma fentinsa bai dushe ba. A nan iyakar muka tarar da shinge. Wani jami'i mai tumbi ya zagayo baya, ya wuce akwatuna, ya wuce kular ƙanƙara, idonsa ya sauka a kan jarkata ta sifirit. Ya buɗe, ya shinshina, ya ja da baya yana kallona da lulluɓina.

"Hajiya, mi ke cikin jarkag ga? Warin giya ni ka ji."

Dakta ya fara zaro takardu yana bayani da Turanci, Malam Isa ya fara rantse-rantse, kuma duk ba abin da suke ƙara wa mutumin sai shakka. Ni kuwa na lura yatsansa ɗaure yake da tsumma. Na ce ya kwance in gani, ashe gwangwani ne ya yanke shi. Na tsoma auduga na dangwala masa. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya yana hura yatsan, abokan aikinsa suna ta dariya.

"Wanga maganin asibiti na," in ji shi da ya dawo hayyacinsa. "Ku wuce."

Aliero hancinka ne ke fara sanar da kai ka iso. Albasa ce tsibi-tsibi a bakin hanya, buhu kan buhu, manyan motoci suna lodi. A Zariya in na aiki yaro sayen albasa ƙwaya uku ake ƙirgo masa, a nan kuwa wani dattijo da muka tambaya hanya sai da ya cika mana gefen kujera kyauta, muka yi ta fama da warinta har ranar da muka dawo.

A Jega muka haɗu da Malam Haruna, malamin dabbobi na yankin, wanda zai zama ɗan jagoranmu. Siriri ne, mai sanyin magana, yana jin Fillanci kamar Hausa. Ya kai su Dakta masaukin baƙi, ni kuma ya kai ni gidan yayarsa Hajiya Kulu a Jega Magaji. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, sai ka ɗauka an gama a sake komawa kan gajiya. Ta sauke ni da tuwon shinkafa da miyar kifi, kifin da in a gida ne sai ranar salla. Muna lafiya lau har ta ga akwatina ta tambayi abin da zai shiga kwalaben. Da na gaya mata, ta ajiye moɗar da ke hannunta.

"Daga jikin dabba mai rai? Ɗiyata, wanga ai mushe na. Ba shi kwana ɗakin da ni ka salla."

Na so in ajiye shi kusa da randa, don nan ne wuri mafi sanyi a gidan, ta ce wannan ma ya fi muni. Raina ya ɓaci, don in akwatin ya sha rana sifirit zai tsere, aikina ya lalace. Amma gidanta ne, kuma ban ga inda ta yi kuskure ba. Ƙarshe ita da kanta ta sa aka haƙa rami a gindin darbejiyar tsakar gida, aka zuba yashi aka jiƙa, muka binne akwatin zuwa wuya muka rufe da buhu. Kullum da safe kafin in tashi ta riga ta yayyafa masa ruwa, tana yi tana mita.

Mun fara aiki a mayankar Jega, don hannunmu ya saba kafin mu shiga daji. Mahauta suka mai da ni abin nishaɗi. Sarkin Pawa ya ce tun da yake bai taɓa ganin mace ta tsallake tsoka da hanta ta ce kunne take so ba, ya tambaya ko mijina ya san irin cefanen da nake yi. Na ce masa mijina ya fi shi sanin nama, shi ya sa bai aiko ni wurinsa ba. Daga ranar muka shirya, kullum sai ya sa an ƙunso mini balangu.

Jini ne ya fara ba mu kunya. Ƙanƙarar da muka taho da ita ta zama ruwa. Muka je wurin wani mai sayar da lemo mai babban firiza muka roƙe shi ya ajiye mana kwalaben jinin. Ya saurare mu har muka gama, ya ce ko nawa za mu biya ba zai haɗa jini da abin shan Musulmi ba, don in labari ya fita kasuwarsa ta mutu. Ya yarda dai ya riƙa sayar mana da ƙanƙara, sai kuma wuta ta ɗauke a garin ta ƙi dawowa. Malam Isa ya je Birnin Kebbi neman ƙanƙara, ya dawo da kula mai ruwan ɗumi da labarin tayar da ta fashe. Da na ɗaga kwalaben na ga jinin ya yi baƙi, na san an gama. Muka haƙa rami muka binne su. Dakta bai ci abinci ba ranar. Daga nan abin da ya rage mana kunne ne kawai, kowace dabba guntu ɗaya, babu na biyu.

Kafin mu shiga ruga ta farko Malam Haruna ya ja mana kunne a kan kunne. Ya ce wurin Fulani kunnen saniya ba fata ba ce kawai, nan ne shaidarta take. Kowane gida da irin tasa, wani tsaga, wani ɓalli a sama, wani a ƙasa, wani dama wani hagu, kuma da ita ake gane ta wane ce ko a tsakiyar kasuwa. In ka yanka inda ka ga dama ka rubuta wa saniya sunan wani ke nan. Don haka muka kafa doka, duk rugar da muka je sai mun tambayi mai shanu inda za mu ciri namu. Dakta ya ji daɗin dokar, har yana cewa zai sa ta a rahotonsa don na baya su koya.

A wata ruga kusa da Jiga Makera muka sami Ardo Buba, dattijo mai fara'a. Ya sa aka damo mana fura, ya saurari bayanin Malam Haruna, ya ce duk shanun rugar ya ba mu. Shaidar gidansu ɓalli ce a tsinin kunnen hagu, ya ce mu ciri namu daidai wurin, mu ɗan faɗaɗa ɓallin kawai, shi ke nan babu abin da ya canja. Haka muka yi ta yi har rana ta take. Aka kora shanu mashaya, matan sun riga sun tafi tallan nono, Ardo da Malam Haruna suka nufi wurin salla can gindin wata tsamiya.

Muna cikin haɗa kaya Dakta ya hango ta. Wata baƙar saniya ce ƙarama, ɗaure a bayan wata bukka, gajerun ƙaho, tozonta da ƙyar ake ganinsa, kuma da ciki. Ban taɓa ganin Dakta yana gudu ba sai ranar. Ya zagaya ta yana magana shi kaɗai, ya ce irin shanun kudu ne na wajen Borgu, masu jure sammore, irin da ya baro Zariya dominsu kuma duk yawonmu bai ga ko ɗaya ba. Tsinin kunnenta na hagu lafiyayye ne, babu ɓalli, sai wani farin tabo kamar an ɗiga nono. Dakta ya ce ba a riga an yi mata shaida ba ke nan, to mu bi dokar rugar, mu cire a inda suke cirewa. Reza tana can ƙasan akwati, ba mu tsaya aski ba. Malam Isa ya riƙe ta, Dakta ya datsa, awartakin ya raba farin tabon biyu, na tara kwalba. Babu wanda ya duba kunnen dama a cikinmu. Kashegari da na zo yayyanka na jiya, Dakta ya ce in canja wa guntun baƙar saniyar sifirit kawai in bar shi ɗungurungum, shi da kansa zai raba shi a Zariya.

Muka gangara Maiyama. A can tumaki muka fi samu, uda masu rabin jiki baƙi rabi fari, da wasu shanu jajaye masu ƙaho kamar su taɓo sama. A can na fara cin hoce, wani gasasshen abu na dawa da suke ci da ƙuli, na farko ya tsaya mini a wuya, na uku kuwa ni na nema. Sifirit ya fara ƙarewa, na koma aunawa da murfin kwalba ina hararar Malam Isa, wanda na kama yana ɗiba yana goge gilashin mota. Dakta ya sake fara'a. Duk wanda muka zauna da shi sai ya ba shi labarin baƙar saniyar.

Ranar da za mu juyo gida, muna ɗaure kaya a kan mota da hantsi, sai ga wani dogon Bafillace ya tsaya a gabanmu da sandarsa, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Gaisuwa ɗaya ya yi ya tsaya, abin da ban taɓa gani ba a ƙasar. Malam Haruna ya gane shi, ya ce Sambo ne, ɗan ƙanen Ardo Buba, wanda ba ya nan ranar da muka je rugarsu.

"Ku na kunka yanki kunnen baƙar nagge?" in ji shi.

Dakta ya ce mu ne, har yana murmushi.

"Ba tawa ba ta."

Malam Haruna ya dafe kai, ya zaunar da shi a inuwa, ya yi mana bayani. Fulani suna da wata al'ada da suke kira habbanaye. In mutum ya rasa dukiya, wani mai hali yakan ba shi aron saniya, ya riƙe ta har ta haihu sau biyu ko uku, 'ya'yan nasa ne, uwar kuma ya mayar wa mai ita kamar yadda ya karɓe ta. Shanun mahaifin Sambo sun ƙare a annobar shekarun baya, shi ya tashi yana kiwon na mutane. Wani aminin mahaifinsa, Alhaji Manu na wajen Liba, shi ya ba shi baƙar saniyar, da shaidar gidansa a kunnen dama. Wannan cikin shi ne na farko. Kuma a wurinsu babu cin amanar da ta kai mutum ya yi wa saniyar aro shaidar gidansa, don ya nuna ba shi da niyyar mayarwa ke nan. Mu kuma, garin bin doka, shaidar gidan su Sambo muka yi mata, a daidai wurinta.

Labari ya kai wa Alhaji Manu ranar kasuwar Jega. Ya je rugar, ya kama kunnen ya duba, ya kwance igiya ya tafi da saniyarsa.

"Da ya zage ni da ya hi," in ji Sambo. "Ba shi ce komi ba. Na bi shi ina hwaɗin likitoci na. Yac ce likita allura shi ka yi, kuma ba shi taɓa ganin likitan da ya san shaidar gidanmu ba."

Ardo ya yi masa shaida, aka ce baffansa ne, kuma bai gani da idonsa ba. Mutum biyu da Sambo ke yi wa kiwo sun riga sun aiko a mayar musu da shanunsu. Ranar nan da la'asar dattawa za su zauna a Liba, in magana ta tabbata a kansa, babu mai sake ba shi ko akuya daga nan har bakin kogi. Ya biyo mu ne da tambaya gari-gari, yana cigiyar farar mota da mace mai sa nama a kwalba.

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Dakta ya ce zai rubuta takarda ya sa hannu ya buga hatimi. Sambo ya girgiza kai, ya ce takarda ko a kasuwa ana rubuta wa mutum. Sai ya ɗago ya dube ni, ni mai kwalba.

"Malama, abin da kunka cire, kun yar?"

Na dubi Dakta, Dakta ya dubi akwati. Duk mun san guntun yana nan yadda aka ciro shi, da gashinsa da rabin farin tabonsa, shi kaɗai a cikin ɗaruruwa da ban yayyanka ba. Dakta ya ja ni gefe yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce in tuna jini ya lalace, in tuna wannan guntun shi ne dalilin tafiyar gaba ɗaya, in ya fita daga sifirit ya shiga hannun mutane da rana da ƙura shi ba zai iya tsayawa gaban kowa ya ce ga abin da ya samu ba. Na ce masa ni ma'ajiya ce, na fi shi sanin haka, amma mu muka yanka, kuma ba zan zauna a motar nan har Zariya da sunan bawan Allahn nan a cikin akwatina ba. Ban taɓa yi masa magana da irin wannan murya ba.

"Za mu je," in ji shi. "Amma ta cikin kwalba za su gani. Ba za a buɗe ba."

Hanyar Liba ta cinye mana rabin yini, sau biyu muna fita turi. Mun tarar dattawa sun zauna a kan tabarmi a gindin wani ƙaton marke, baƙar saniyar tana ɗaure a gefe. Alhaji Manu tsoho ne gajere mai farin gemu, da ganin fuskarsa ka san abin ya ci shi shi ma. Bai kalli Sambo ba ko sau ɗaya. Malam Haruna ya yi bayani da Fillanci, ya nuna awartakin, aka zagaya da shi hannu-hannu. Dakta ya ɗaga kwalbar a rana, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana nunawa, bai sake ta ba.

Alhaji Manu ya leƙa, ya koma ya zauna.

"Na ga nama cikin ruwa," in ji shi da Hausa. "Baƙaƙen shanu da yawa duniya. In nata na, a aza shi wurin shi mu gani."

Dakta ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba, na sa masa hantsaki. Shi da kansa ya buɗe murfin ya ciro guntun. Sifirit ya ɗan tsuke shi ya ƙandare, amma bai ruɓe ba, gashin yana nan baƙi wuluk da farin a gefe. Kafin ya kai ga saniyar Alhaji Manu ya miƙe ya karɓe shi da yatsunsa, yatsun da ya gama cin goro da su. Ya kama kunnen hagu, ya juya guntun, ya sake juyawa, ya zura shi a cikin ɓallin. Ya zauna daram. Rabin farin da ke kunne ya haɗu da rabin da ke hannunsa ya koma tabo ɗaya.

Dattawan suka taso ɗaya-ɗaya suna dubawa, kowa sai ya taɓa. Alhaji Manu ya daɗe a tsaye riƙe da kunnen. Ni ina jiran ya ba da haƙuri, don a Zariya da an yi ta a-yafe-a-yafe har da hawaye. Shi kuwa igiyar ya kwance daga turke, ya taka har inda Sambo yake durƙushe, ya sa masa ita a hannu.

"Yamma ta yi, kuma tana da nauyi," in ji shi. "Kak ka kore ta da sauri."

Sambo ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma sai da na juya baya na gyara lulluɓi.

Dakta ya matsa da kwalbarsa a buɗe yana jiran a mayar masa. Alhaji Manu ya dunƙule hannu. Ya ce ɓallin nan ba zai toshe ba, saniyar za ta yi ta yawo da shaidar gida biyu har ta mutu, kuma waɗanda suka ji labarin farko sun fi waɗanda ke zaune a nan yawa. Guntun zai zauna a wurinsa, duk wanda ya sake ɗaga maganar yaron nan ya zo ya gani. Dakta ya roƙi a bar shi ya ɗan ɓanto gefe, tsohon ya ce shaidar da aka rage ba shaida ba ce. Ya roƙi a bar shi ya ciri wani a ɗaya kunnen, tsohon ya ce kunnenta ya ga abin da ya ishe shi. Sai ya juyo wurina.

"Ɗiyata, ƙaƙa ku ka yi ba shi ruɓewa?"

Na karɓi kwalbar daga hannun Dakta, na cika ta da sifirit, na miƙa masa ya jefa guntun da kansa. Na ƙara masa da sauran da ke gindin jarka a wata kwalbar magani. Na ce ya rufe gam, kada rana ta gan shi, kada yara su kai baki, in ya ga ruwan ya ja baya ya ƙara, in ya ƙare ya aika wurin Malam Haruna. Ya sa na maimaita masa, ya ƙulle kwalbar a bakin rawaninsa. Duk ajiyar da na yi a rayuwata ban taɓa damuwa da wata ta daɗe kamar wannan ba.

Mun shiga mota, Malam Isa ya tayar, sai ga Sambo a taga wajen Dakta, igiyar tana naɗe a hannunsa.

"Likita, uwar ba tawa ba ta, ba ni da ikon ba ka. Amma in ta haihu, maraƙin nawa na. Ku komo. Ni ka riƙe muku shi, ni ka nuna muku wurin yanka."

Dakta ya gyaɗa kai kawai. Muka sauke Malam Haruna a Jega, na shiga na yi sallama da Hajiya Kulu, wadda ta cika mini jaka da busasshen kifi tana cewa ta huta da ba mushe ruwa. Sai da muka wuce tsibin albasar Aliero Dakta ya yi gyaran murya, ya ce rabin gadon uwar yana jikin ɗan, kuma da rabi ma ana aiki. Ya ce in muka isa in ware kwalba ɗaya in sa mata lambar waccan.

Sauran guntayen duk sun iso lafiya, suna cikin firiza, ko ɗaya bai lalace ba. Kwalbar da kuke gani a teburina ita ce wadda na ware, kuma in sifirit ɗinta ya ja baya ina ƙarawa. Makon jiya wani direban motar albasa ya kawo saƙo daga Malam Haruna. Saniyar ta haihu, mace ce, baƙa kamar uwar. Har an zo yi wa maruƙan rugar shaida, Sambo ya janye tasa gefe, ya ce babu mai taɓa kunnenta sai mun zo.